Gadon Mamman Shata da Batun Ko Sauraren Kiɗa Yana Ƙara Basira

1.0 Gabatarwa

Arewacin Jihar Kano, wato yankin da ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa da Makoɗa da Tsanyawa, ƙasa ce mai yawan jama'a, inda gona take haɗe da gona, ba a barin fili ya huta sai dai a riƙa ciyar da shi da taki. Yaron da ya tashi a wannan yanki yakan girma ne cikin kiɗa da waƙa. Yakan fara da waƙar reno a bayan uwa, ya ji lugude a bakin turmi, da gangar noma ranar gayya, da gaɗa a dandali. Bayan waɗannan kuma akwai muryoyin manyan makaɗan Hausa da ake ji a rediyo da wayar hannu, musamman muryar Alhaji Mamman Shata.

Sau da yawa akan ji dattawa suna cewa mai sauraren Shata ba ya rasa ta cewa, domin waƙoƙinsa suna wasa ƙwaƙwalwa. A ƙasashen Turai da Amurka ma an yi irin wannan magana game da wani shahararren makaɗi mai suna Mozart, har aka riƙa sayar wa iyaye fayafayansa don jarirai su tashi da kaifin basira. Ganin cewa ɗalibin Kwalejin Ilimi zai haɗu da wannan magana a wurin iyaye da abokan aiki da kuma intanet, ya wajaba ya san gaskiyarta. Wannan babi zai kawo taƙaitaccen tarihin Shata da gadon da ya bari, sannan ya bi diddigin binciken masana a kan dangantakar sauraren kiɗa da basira, daga ƙarshe ya nuna abin da malamin Hausa zai iya yi da waƙoƙin magabata a cikin aji.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mamman Shata

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923. Bai gaji kiɗa ba, domin gidansu ba gidan makaɗa ba ne, hasali ma mahaifinsa bai so ya shiga wannan sana'a ba. Tun yana matashi ya yi tallan goro da alewa, a nan ne kuma ya fara jawo hankalin jama'a da zaƙin murya da iya sarrafa magana. Daga baya ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya kuma zaga garuruwan ƙasar Hausa da ƙasashen Afirka ta Yamma yana waƙa.

Shata da kalangu yake kiɗa. A rabe-raben da masana adabi suka yi, ana sa shi cikin makaɗan jama'a, saɓanin makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo waɗanda suka yi fice da kiɗan kotso. Wato Shata bai ɗaure kansa ga fadar sarki ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da malamai da sojoji da direbobi da 'yan kasuwa da mata. Ya shafe fiye da shekara 50 yana wannan sana'a. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano a watan Yuni na shekarar 1999, aka yi jana'izarsa a Daura, garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.

2.1 Gadon da Ya Bari

Ana iya kallon gadon Shata ta fuskoki uku. Fuska ta farko ita ce ta harshe. Waƙoƙinsa cike suke da kirari da habaici da zambo da karin magana da kamantawa da siffantawa, cikin Hausa mai sauƙi wadda manomi da malamin jami'a duk za su fahimta. An san shi da ƙulla waƙa nan take a gaban jama'a, ya kafa gindi gajere wanda 'yan amshi za su riƙa maimaitawa, shi kuwa yana zuba ɗiya bisa abin da ya gani ko ya tuna. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan zo da sigogi daban-daban gwargwadon wurin da aka rera ta. Bakandamiyarsa, wadda ya wasa kansa a cikinta, tana daga cikin waɗanda manazarta suka fi komawa gare su.

Fuska ta biyu ita ce ta tarihi. Waƙoƙin sun adana sunayen mutane da garuruwa da sarautu da sana'o'i na ƙarni na 20. Mutanen arewacin Kano, alal misali, suna jin sunan garinsu a waƙar Garban Bichi. Haka kuma Shata bai tsaya ga abin da ke kusa da shi ba, domin ya yi waƙa a kan kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika duniyar wata a shekarar 1969.

Fuska ta uku ita ce ta ilimi. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan matsayin makaɗin baka a cikin al'umma, inda ya ɗauki Shata a matsayin abin nazari. A shekarar 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Ke nan babu jayayya a kan cewa waɗannan waƙoƙi taska ce. Abin tambaya shi ne, shin jin su kawai yana ƙara wa mai sauraro basira?

3.0 Bambancin Basira da Ilimi

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan gwamawa. Basira, a wurin masana halayyar ɗan'adam, ita ce ƙarfin tunani na gaba ɗaya wanda mutum yake amfani da shi wajen gano dangantakar abubuwa da warware matsalar da bai taɓa haɗuwa da ita ba. Akan auna ta da gwaje-gwaje na musamman waɗanda aka tsara su ta yadda matsakaicin mutum zai sami maki 100. Ilimi kuwa shi ne abin da mutum ya tara ta hanyar koyo, kamar kalmomi da labarai da ƙa'idoji da dabarun sana'a. Mutum yana iya ƙara ilimi a kan wani fanni ba tare da makinsa na basira ya motsa ba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai fahimci sauran bayanin cikin sauƙi.

4.0 Asalin Da'awar: Mozart da Gwajin 1993

An haifi Wolfgang Amadeus Mozart a birnin Salzbag na ƙasar Ostiriya ta yanzu a shekarar 1756, ya rasu a Biyana a shekarar 1791 yana da shekara 35. Ya fara tsara kiɗa tun yana ɗan ƙaramin yaro, ya kuma bar ayyuka fiye da 600. Matsayinsa a kiɗan gargajiyar Turai ya yi kama da na manyan makaɗan Hausa a wurin Bahaushe, wato mizani ne da ake auna na baya da shi.

A shekarar 1993 wasu masana uku na Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine, wato Frances Rauscher da Gordon Shaw da Katherine Ky, suka buga sakamakon wani ɗan gwaji a mujallar kimiyya ta Nature. Sun ɗauki ɗaliban jami'a 36, suka gwada su a yanayi uku. A yanayi na farko an sa musu wani kiɗan fiyano biyu da Mozart ya tsara a shekarar 1781 na tsawon minti 10. A na biyu an sa musu kaset mai umartar mutum ya saki jiki ya huta. A na uku sun zauna shiru. Bayan kowane yanayi sai a ba su aikin da ke auna iya hasashen siffofi, alal misali a nuna musu hoton takardar da aka ninke aka yanke, a ce su faɗi siffar da za ta fito idan aka warware ta. Sai aka ga cewa bayan jin kiɗan sun fi ƙoƙari da abin da ya yi daidai da maki 8 zuwa 9.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, manya ne aka gwada, ba jarirai ba. Na biyu, fanni ɗaya ne kawai na tunani aka auna. Na uku, ƙarin bai wuce minti 10 zuwa 15 ba ya gushe. Su kansu masu binciken ba su ce kiɗan yana ƙara basira ta dindindin ba. Amma da labarin ya shiga hannun jaridu da 'yan kasuwa sai ya sauya kama. A shekarar 1997 Don Campbell ya fitar da littafi mai suna The Mozart Effect wanda ya sami kasuwa ƙwarai. A shekarar 1998 kuma gwamnan Jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 a kasafin kuɗi domin a ba kowane jaririn da aka haifa a jihar faifan irin wannan kiɗa.

4.1 Abin da Binciken Baya Ya Nuna

A ƙa'idar kimiyya, sakamako ba ya tabbata sai wasu masana sun maimaita gwajin sun sami abin da aka samu. A shekarar 1999 Christopher Chabris ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 16, ya nuna cewa ƙarin da ake samu bai kai maki 2 ba. A wannan shekarar ce Kenneth Steele da abokan aikinsa suka bi matakan gwajin farko, ba su ga wani tasiri ba. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Biyana, ƙarƙashin Jakob Pietschnig, suka haɗa bincike kusan 40 da suka shafi mutum wajen 3,000, suka kammala da cewa babu wata hujja mai ƙarfi da ke nuna kiɗan Mozart yana da wani sirri na daban.

To, me ya kawo ɗan ƙarin da aka gani tun farko? Amsar ta fito ne daga ayyukan Glenn Schellenberg na ƙasar Kanada da abokan bincikensa. A wani gwaji na shekarar 1999 an sa wa ɗalibai kiɗan Mozart a wani zama, a wani zaman kuma aka sa musu labari da ake karantawa. Waɗanda suka fi son kiɗan sun fi ƙoƙari bayan kiɗan, waɗanda suka fi son labarin kuwa sun fi ƙoƙari bayan labarin. Haka kuma a wani gwaji da aka yi da taimakon gidan rediyon BBC a shekarar 1996, wanda ya ƙunshi yaran Birtaniya fiye da 8,000 masu shekara 10 zuwa 11, yaran da suka ji waƙoƙin zamani da suke so sun fi waɗanda suka ji Mozart ƙoƙari a aikin ninke takarda. Wannan ya nuna cewa nishaɗi da wartsakewar jiki su ne suke kawo ƙarin. Duk abin da ya faranta wa mutum rai ya kore masa kasala zai iya sa shi ya ƙara himma na ɗan lokaci.

Manomin arewacin Kano ya daɗe da sanin wannan. Ranar gayya, idan makaɗin noma ya goce da ganga yana kiran sunayen samari yana yi musu kirari, sai a ga kunya tana ƙarewa da sauri. Amma ba wanda zai ce gangar ce ta ƙara wa saurayi ƙwanji. Ƙarfin da yake da shi ne ta zaburar, idan kuma an tashi daga gona zai koma gida da ƙarfinsa na jiya. Haka sauraren kiɗa yake ga ƙwaƙwalwa.

4.2 Koyon Kiɗa da Sauraren Kiɗa

Wasu masana sun ce idan sauraro bai isa ba, wataƙila koyon kiɗan da kansa zai yi tasiri. A shekarar 2004 Schellenberg ya raba yara 144 'yan shekara 6 zuwa rukuni huɗu. Rukuni na farko ya koyi kaɗa fiyano, na biyu ya koyi rera waƙa, na uku ya koyi wasan kwaikwayo, na huɗu bai sami wani darasi na musamman ba. Bayan mako 36 sai aka ga masu koyon kiɗa da waƙa sun ɗara sauran da maki kusan 3, su kuwa masu wasan kwaikwayo sun fi samun ci gaba wajen iya hulɗa da mutane. Sai dai a shekarar 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet sun tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka nuna cewa idan aka tsananta ƙa'idojin gwaji, tasirin koyon kiɗa a kan basira da karatu da lissafi yakan kusan ɓacewa.

A nan akwai darasi ga mai nazarin ilimi. Sau da yawa akan ga yaran da ke koyon kiɗa a ƙasashen Turai suna ƙoƙari a makaranta, amma galibinsu 'ya'yan masu hali ne da ke samun abinci mai kyau da littattafai da kulawar iyaye. Haɗuwar abubuwa biyu a wuri ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan.

5.0 Matsayin Waƙoƙin Shata a Wannan Mahawara

Hausawa suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan gaskiya ne a sha'anin ɗabi'a, amma bayanan da suka gabata sun nuna cewa basira ba ta naso ta wannan hanya. Yaron da aka kunna wa Shata daga safe zuwa dare ba zai fi ɗan'uwansa iya lissafi ba saboda wannan dalili. Bugu da ƙari, bincike da dama ya nuna cewa waƙa mai kalmomi takan raba hankalin mai karatu, domin ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin bin magana biyu a lokaci ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ke bitar jarrabawa da abin sauraro a kunne yana iya cutar kansa.

Duk da haka maganar dattawa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Akwai bambanci babba tsakanin kiɗan fiyanon da aka yi gwaji da shi da waƙar Shata. Na farko sauti ne zalla, ta biyu kuwa magana ce da aka ɗora a kan kiɗa. Wanda ya saurari Shata da kunnen basira, yana tambayar ma'anar abin da bai gane ba, zai ƙaru da kalmomi da salon magana da sanin tarihi da al'ada. Wannan ƙari ne na ilimi da ƙwarewar harshe, kuma shi ne ainihin abin da malamin Hausa yake nema.

Haka kuma rauji da maimaitawa suna taimaka wa hadda. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da amfani da wannan dabara. Ɗaliban zaure sukan haddace ƙa'idojin nahawun Larabci ta hanyar baitocin Alfiyyar Ibn Malik. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a shekarar 1864, ta yi amfani da waƙoƙi wajen ilmantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru. A duk waɗannan misalai, abin da aka zuba a cikin waƙar shi ake koyo. Waƙar mazubi ce, kuma mazubi ba ya ƙosar da kowa sai da abin da ke cikinsa.

6.0 Yadda Malami Zai Yi Amfani da Waƙa a Aji

Malamin da aka tura makarantar ƙauye yakan tarar da aji mai cunkoso, da ƙarancin littattafai, wani lokaci babu wutar lantarki. A irin wannan hali wayar hannu da ƙaramar lasifika suna iya zama kayan koyarwa masu amfani, muddin aka bi matakai kamar haka:

(a) Zaɓe. Malami ya saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe kafin ya kai ta aji. Wasu waƙoƙin Shata sun ƙunshi zambo mai zafi ko batutuwan da ba su dace da yara ba. A zaɓi gutsure na minti 2 zuwa 3 wanda ya dace da shekarun ɗalibai da manufar darasi.

(b) Shimfiɗa. Kafin a kunna waƙar, a gabatar da makaɗin da wanda aka yi wa waƙar da zamanin da aka yi ta, a kuma rubuta kalmomi masu wuya a allo.

(c) Sauraro mai manufa. A ba ɗalibai aikin da za su yi yayin sauraro, kamar gano gindin waƙar, ko ƙirga garuruwan da aka ambata, ko tsamo kamantawa guda biyu.

(d) Rubutawa. Ɗaliban manyan azuzuwa su rubuta abin da suka ji bisa ƙa'idojin rubutun Hausa. Wannan yana horar da su wajen raba kalmomi da amfani da haruffa masu lanƙwasa.

(e) Tattaunawa. A tambaye su turken waƙar da dalilin da ya sa makaɗin ya zaɓi wata kalma ya bar wata. A nan ne tunani yake aiki.

(f) Bincike a gida. A tura su wurin iyaye da kakanni su tambayo ma'anar tsofaffin kalmomi, su kuma rubuto waƙoƙin noma da na daka da na niƙa da ake yi a garinsu. Ta haka kalmomi irin su sassabe da firi da maimai da gayauna da gandu za su shigo aji daga bakin masu su.

(g) Ƙirƙira. A ƙarshe ɗalibai su ƙulla 'yar gajeriyar waƙa tasu a kan tsafta ko damina ko kasuwar garinsu, wani ya yi jagora, sauran su yi amshi.

Idan iyaye suka tambayi malami ko su sayi wani faifai ko manhajar waya da aka ce tana ƙara wa jariri basira, amsar da ta dace ita ce su adana kuɗinsu. Abin da ya fi amfanar yaro shi ne abinci mai gina jiki, da rigakafin cututtuka, da isasshen barci, da yawan hira da shi, da tatsuniya, da zuwa makaranta a kan kari ko da a lokacin shuka da girbi.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Mamman Shata ya bar gado mai faɗi ta fuskar harshe da tarihi da nazari. An kuma ga cewa da'awar da ta taso daga gwajin shekarar 1993 ba ta tsaya da ƙafarta ba bayan da aka maimaita binciken, domin abin da sauraren kiɗa yake kawowa shi ne nishaɗi na ɗan lokaci. Darajar Shata, kamar ta Mozart, ba ta dogara ga wannan da'awa ba. Amfanin waƙoƙinsa ga ɗalibi yana fitowa ne daga aikin da aka yi a kansu, wato sauraro da tambaya da rubutu da tattaunawa, kuma malami ne yake da alhakin tsara wannan aiki.

Tambayoyin Bita

1. Kawo fuskoki uku na gadon da Mamman Shata ya bari tare da misalai.
2. Bambanta tsakanin basira da ilimi.
3. Bayyana yadda aka gudanar da gwajin shekarar 1993, sannan ka kawo abubuwa uku da suka taƙaita sakamakonsa.
4. Ta yaya kiɗan noma yake taimakawa wajen fahimtar tasirin sauraren kiɗa ga ƙwaƙwalwa?
5. Zaɓi waƙar baka ɗaya da aka sani a garinku, ka tsara darasin minti 40 a kanta domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare.